Da ɗan gari akan ci gari: yadda ɗaliban Sikotland suka koyar da junansu a Facebook

Takarda aka raba musu a aji, ba ta jarrabawa ba, 'yan tambayoyi ne kawai. A cikin 'yan ajinku wa kake ganin girmansa, wa zaka iya faɗawa abin da ya dame ka kunya bata kama ka ba, waye idan yayi magana sauran suke bi. Kowa ya rubuta sunaye ya miƙa, aka tattara aka ƙirga, waɗanda sunansu ya fi fitowa su aka kira gefe aka ce musu ga wani aiki in kuna so. Malamai basu sa baki a zaɓen ba, shugaban makaranta ma haka. Da wannan aka fara shirin da ake kira STASH a makarantun sakandare shida na yankin Lothian a Sikotland, wato ɓangaren da birnin Edinbura yake, kuma yaran da aka yi da su 'yan shekara 14 zuwa 16 ne, 'yan aji huɗu a lissafinsu na can.

Aikin kuwa shine su riƙa isar da bayani ga abokansu kan cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da kwaroron roba, da hanyoyin hana ɗaukar ciki, da inda mutum zai je a taimake shi, da maganar cewa ba wanda ya isa ya tilasta maka abin da baka so. Ta hanya biyu zasu yi, ta Facebook da kuma hira ta baki da baki. Masu bincike na Jami'ar Glasgow ne suka tsara abun ƙarƙashin jagorancin Kirstin Mitchell, kuɗin ya fito daga hukumar binciken lafiya ta Birtaniya wato NIHR, cikakken rahoton kuma ya fita a 2020.

Na san tun daga nan wani zai fara tsaki yace ina ruwanmu da tarbiyyar Turawa. Toh a yi haƙuri a ji labarin tukunna. Can ƙasarsu ce da dokarsu da al'adarsu, shekarun amincewa da saduwa a dokarsu 16 ne, maganin hana ɗaukar ciki kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma akwai dokar 1991 da ta ba wanda bai kai 16 ba damar karɓar magani da kansa in likita ya gamsu yaron ya fahimci abin da ake nufi. A Lothian ɗin ma akwai wani kati da ake ba matasa su karɓi kwaroron roba ba ko sisi. Kaga kenan su matsalarsu ba rashin magani bace, ba kuma rashin darasi a makaranta ba, duk suna da su. Abin da ya dame su shine duk da haka yaro sai ya ji kunyar shiga asibiti, ko ya ɗauki maganar abokinsa wanda shi ma a intanet ya tsinta, ya bar ta malami. Wannan ɓangaren ne ya ja hankalina, dan ba sai ka je Turai ba zaka ga yaro ya fi yarda da sa'ansa.

Kuma ba haka kawai suka farka suka ce bari mu gwada Facebook ba, sun sha wuya a baya. A can Sikotland ɗin an taɓa yin wani babban gwaji mai suna SHARE a makarantu 25, aka horar da malamai sosai aka basu darussa masu kyau, yara suka ji daɗin darasin iliminsu ya ƙaru, amma da aka bi sawun 'yan matan har suka kai shekara 20 aka duba bayanan asibiti sai aka ga yawan ɗaukar ciki da zubarwa bai bambanta da na sauran makarantu ba. A Ingila kuma aka yi RIPPLE a makarantu 27, can ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 17 aka horar suka shiga aji suka koyar da ƙannensu 'yan 13 zuwa 14, zama uku. Yaran sun fi son wannan akan na malamai, kuma 'yan matan da suka ce sun fara saduwa kafin shekara 16 sun ɗan ragu, kashi 35 cikin 100 a inda aka yi shirin, kashi 41 a inda ba a yi ba. Amma sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna zubar da ciki zuwa shekara 20 kunnen doki aka yi, kashi 5 cikin 100 kowane ɓangare. Ga kuma wani abu, su masu koyarwar a RIPPLE su suka kawo kansu, kuma kowa ya san irin ɗalibin da ke ɗaga hannu in an ce wa zai yi, masu ƙoƙarin nan ne na gaban aji waɗanda malamai ke so, alhali yaron da ya fi shiga hatsari yana can benci na baya ko kallonsu baya yi.

Dabarar zaɓen da na fara da ita daga wani wuri daban aka aro ta, daga yaƙi da shan taba. Shirin ASSIST aka yi a makarantu 59 a Ingila da Wales da yara sama da 10,000 'yan shekara 12 zuwa 13, yara suka zaɓi masu faɗa a ji a cikinsu, aka kai su horo na kwana biyu a wajen makaranta, aka ce su koma su riƙa sako maganar taba cikin hirarsu ta yau da kullum har sati 10. Ba allo ba aji. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2008, yiwuwar yaro ya zama mai shan taba ta ragu da kusan kashi 22 cikin 100. Mutanen Glasgow suka ce toh in ya yi aiki a taba me zai hana a gwada a wannan, sai dai maganar taba kana iya yinta a layin abinci kowa na ji, wannan kuwa akwai nauyin baki, shine suka kawo waya cikin lamarin dan ta ɗauke musu wani ɓangare na kunyar.

Ga yadda aka yi. Cikin waɗanda aka zaɓa, 104 ne suka yarda aka horar da su, wato rabi da ɗan wani abu na waɗanda aka gayyata, sauran suka ce a kai kasuwa, kuma ni ban ga laifinsu ba, ɗan shekara 15 a ce ya zama shine mai maganar kwaroron roba a ajinsu ai sai mai ƙarfin hali. Kwana biyu aka yi ana horon a wajen makaranta, kuma ma'aikatan ƙungiyoyin matasa ne suka yi ba malamansu ba, aka koya musu bayanan da kansu, da yadda ake sauraron mutum, da yadda ake riƙe sirri, da lokacin da magana ta fi ƙarfinka dole ka miƙa ta ga babba. Daga nan kowannensu ya buɗe gurup na sirri a Facebook, irin wanda in ba a saka ka ba ko a bincike ba zaka gan shi ba, ya gayyato abokansa. Abin da zai saka ba daga kansa zai ƙirƙiro ba, akwai shafin intanet na shirin da aka tara saƙonni da hotunan barkwanci da gajerun bayanai waɗanda masana suka tantance, shi dai ya zaɓi wanda yake ganin zai shiga kunnen mutanensa ya tura, in ya so ya ƙara da nasa salon maganar. Kuma a kowane gurup akwai ɗaya daga cikin masu horarwa a ciki yana gani. Sati 10 aka yi ana wannan, ana haɗuwa lokaci zuwa lokaci a ji me ya faru, wa ya samu matsala.

Wannan zaman babba a cikin gurup ɗin ni a gani na shine ƙashin bayan abun gaba ɗaya, kuma shine mutane suka fi tsallakewa in suna ba da labarin. Ka bar yara 'yan 15 su kaɗai da irin wannan magana cikin kwana uku ta koma tsokana ko a fara sikirinshot ana yawo da sirrin wata. Kuma ko ba tsokana, akwai tambayoyin da sa'a ba zai iya amsawa ba komai wayonsa. Misali yarinya tace ta manta shan ƙwayar hana ɗaukar ciki kwana biyu me zata yi, ko wata ta tambaya ƙwayar gaggawa, wadda ake sha bayan saduwa dan hana ciki, har yaushe take aiki, amsar nan tana da ƙa'ida, irin ta levonorgestrel cikin awa 72 ake sha kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta, in abokiya ta yi kuskure a nan ba ƙaramin abu ta jawo ba. Shi yasa ba a ce musu ku zama likitoci ba, an ce ku buɗe maganar, ku gyara ƙaryar da kuka tabbatar ƙarya ce, sauran ku nuna hanyar asibiti.

Da aka gama, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka horar sun kai ƙarshe basu gudu ba, wanda duk wanda ya taɓa haɗa matasa aikin sa kai ya san wannan ba wasa bane. Cikin ɗalibai 611 da suka cika takardar tambayoyi daga baya, kashi 58 cikin 100 sun ce shirin ya iso gare su ta wata hanya. Da aka zana taswirar abota ta kowace makaranta, wa ke hulɗa da wa, sai aka ga zaɓaɓɓun suna da jama'a sosai kuma sun yi kama da sauran 'yan ajin, ba 'yan gaban aji kaɗai bane. Nan kam zaɓen ya biya kuɗin sabulu.

Amma Facebook ɗin fa? Nan ne labarin ya ɗan karkace. Lokacin da aka zo yin aikin yaran sun riga sun fara kallon Facebook a matsayin dandalin iyaye, su hirarsu ta koma Snapchat da Instagram. Masu shirin suna sane, sun zaɓe shi ne dan shi ke da gurup na sirri da babba zai iya zama a ciki ya ga komai, a Snapchat kuwa saƙo ɓacewa yake, me zaka sa wa ido? Sai aka samu kai a tsaka mai wuya, inda za a iya tsaro yara basa zama, inda suke zama ba a iya tsaro. Da yawa sun karɓi gayyatar gurup ɗin sun shiga amma shiru, ba laik ba kwament, mai turawa yana ta turawa kamar mai magana da bango. Sai dai shirun nan ba yana nufin ba a karanta ba, kowa ya san halin, wa zai danna laik a fostin ɗin cutar sanyi sunansa ya fito kowa ya gani? Abin da masu binciken suka kammala a kai shine saƙonnin waya sun ƙara wa hirar baki ƙarfi ne, wani ya ga hoton barkwanci da dare, da safe a hanyar makaranta yace kai wancan abun da ka tura jiya da gaske ne, daga nan magana ta ɓarke. Wato wayar sallama take yi a ƙofa, shiga ɗakin kuma sai da ƙafa.

Sannan kar a yi saurin yabo, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. STASH gwajin share fage ne, an yi shi dan a ga ko abun zai yiwu, ko yara da malamai da iyaye zasu karɓa, ko ya cancanci a kashe kuɗi a yi babban gwaji. Makaranta shida ba zasu isa a ce ciki ya ragu ko cuta ta ragu ba, kuma su kansu basu yi wannan iƙirarin ba. Ga shi dama ɗaukar cikin 'yan ƙasa da shekara 20 a Sikotland yana ta sauka tun kafin shirin, daga sama da 57 cikin kowace 1,000 a 2007 zuwa wajen 30 a 2017, dan haka duk wanda ya nuna maka wannan saukar yace aikin Facebook ne ya yi maka wayo. In an tuna SHARE da RIPPLE ma ai yara sun so su, ilimi ya ƙaru, amma lissafin asibiti bai motsa ba. Jin daɗin shiri daban, canjin hali daban.

Toh mu ina abun ya shafe mu? Ba zan ce a kwafo a kawo sakandaren Kano ko Zinder ba, ko an kawo ba zai kwana ba, kuma ni ma ba zan goyi baya ba. Amma 'yan shekara 15 zuwa 19 da ke buƙatar wannan bayani a wajenmu akasarinsu matan aure ne da igiyoyinsu uku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 a Najeriya ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan matan wannan shekarun sun haihu ko suna da cikin fari, a Arewa maso Yamma kuma kashi 29. Yarinya ta haihu tana 16, kafin ta yaye ga wani cikin, kwanika kenan, jiki bai koma ba jini bai dawo ba. Kuma koyarwar sa'a ga sa'a ta waya ai tuni ake yinta a nan ba tare da wata jami'a ta tsara ba, duk wadda ke cikin gurup ɗin amare ko na matan aure a WhatsApp ta sani. A nan ake cewa ashanar hannu tana ɓacewa a jiki ta tafi zuciya, allura tana kashe mahaifa gaba ɗaya, robar mahaifa maigida zai ji ta, daga ƙarshe admin ta tallata nata haɗin na gargajiya. Kuma abin da ke ba ƙaryar ƙarfi shine akwai ɗan gaskiya a gindinta. Allurar wata uku da gaske in an daina takan ɗauki watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin ciki ya samu, amma jinkiri ne ba kashe mahaifa ba. Ashana da allura da gaske suna rikita al'ada, jini ya riƙa zuwa a tsinke ko ya ɗauke, kuma ga mace musulma wannan ba ƙaramar magana bace dan ya taɓa sallarta da azuminta da zamanta da miji. In ba a faɗa mata tun farko ba, ranar da ta gani zata koma gurup tace wallahi abin da kuka faɗa gaskiya ne, shikenan an rasa mata goma.

Shirin da ya fi kusa da wannan a wajenmu shine Matasa Matan Arewa, wanda ƙungiyar lafiyar iyali ta Society for Family Health (SFH) ta gudanar a Kaduna da Nasarawa ƙarƙashin wani babban shirin 'yan mata mai suna Adolescents 360 da aka fara a 2016 a Najeriya da Habasha da Tanzaniya. Su basu bi ta waya ba, mata 'yan unguwa aka horar suna shiga gida gida suna tara amare ƙanana rukuni rukuni, ana maganar abinci mai gina jiki da tattalin kuɗi da sana'ar hannu da zaman aure, tazarar haihuwa ta shigo a ciki, sannan mai so ta keɓe da ma'aikaciyar lafiya. Maza kuma aka tura musu maza 'yan uwansu su same su a majalisa, dan an san in maigida bai yarda ba ko ƙofar gida ba zata fita ba. Ka duba da kyau zaka ga ƙashin bayan iri ɗaya ne da na Lothian, na gida ne ke buɗe magana, ƙwararre na tsaye a bayansa. Bambancin shine a Matasa Matan Arewa jagorar ta girme su, kamar yaya ce ko anti, ba ƙawa ba, kuma ba yaran ne suka zaɓe ta ba. Da za a ɗauki abu ɗaya daga STASH ni wannan takardar zaɓen zan ɗauka, a tambayi amaren unguwa ko 'yan islamiyyar matan aure wa kuke kai wa kukanku, dan sau da yawa wadda za su ambata ba ita ce mai unguwa ko malama zasu nuna ba, wata ce can mai kitso ko mai saida atamfa bashi wadda kowa ke zama a ɗakinta.

Wayar kuma a nan sai an yi taka tsantsan fiye da can. Yaron Edinbura wayarsa tasa ce da lambar sirrinsa, amarya 'yar 17 a ƙauye kuwa ko dai wayar maigida take ara da dare ko tata ce amma yana dubawa, ƙanin miji ma ya ɗauka yayi gem, dan haka kalmar gurup na sirri ma sai a yi dariya. Ga data, ga caji, ga wadda boko bai zauna mata ba sai saƙon murya. Shi saƙon murya kuwa yana da daɗi dan muryar ƙawarki kike ji da Hausarku, amma ya fi rubutu wuyar sa ido nesa ba kusa ba. Mai horarwa a STASH zai iya zazzaga gurup ya karance fostin ashirin cikin minti biyu ya ga inda aka yi kuskure, nas ɗin da aka saka a gurup ɗin amare kuwa sai ta zauna ta saurari kowane saƙo daga farko har ƙarshe, wani minti bakwai ana gaisuwa da ya yara ya maigida kafin a zo kan maganar allurar, ga shi ta dawo daga dutin dare, kuma datar daga aljihunta.